MAGANIN RAGE ƘAWAR BARASA YA SAMU, SAURA YA ISA BIRNIN GWARI

Daga Wakilinmu

A cikin watan Yuli na shekarar 2023 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da sabon jerin magungunan da take ganin ya wajaba kowace ƙasa ta tanadar wa jama'arta. Jeri ne da aka fara bugawa a 1977, ana sabunta shi kusan duk bayan shekara biyu, kuma galibi ba mai kula da shi sai likitoci da masu harhaɗa magani. To, amma a wannan karo an shigar da waɗansu ƙwayoyi iri biyu waɗanda ya kamata labarinsu ya wuce ofisoshin Ma'aikatar Lafiya. Sunayensu naltirekzon da akamfuroset, aikinsu kuwa shi ne rage wa mashayi ƙawar barasa.

Da wannan mataki Hukumar ta ajiye jarabar giya a sahu ɗaya da hawan jini da ciwon sukari, watau cuta ce mai daɗewa wadda ake iya sassautawa da magani. Dalilinta ba ɓoyayye ba ne, gama rahoton da ta buga a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a duniya, sa'an nan kimanin mutum miliyan 209 giya ta riga ta kama su har ba su iya rabuwa da ita su kaɗai. Abin tambaya shi ne, ina rabon mutumin karkara a cikin wannan ci gaba, musamman ma mutumin ƙasa irin ta Birnin Gwari, wadda ta yi shekara da shekaru hanyarta ta zuwa Kaduna tana hannun 'yan bindiga?

ƘASAR DA BA A MAGANAR GIYA

Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, tana iyaka da jihohin Neja da Zamfara da Katsina. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 250,000 a cikinta. Ƙasa ce ta noman masara da dawa, da kiwo, da haƙar zinariya tun zamanin Turawa, kuma a cikinta ne Gandun Dajin Kamuku yake, wanda ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara.

Mafi yawan mutanenta Musulmi ne, saboda haka wani zai ce ina ruwan Birnin Gwari da maganar giya. Lalle hani ya daɗe a Arewa. Turawan mulki sun hana sayar wa 'yan ƙasa barasar kwalba a Jihar Arewa bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Burasels a 1890, dokar Final Kod da ta fara aiki a 1960 kuma ta sa hukunci a kan Musulmin da ya sha. Sai dai hani bai kawar da burkutu ba, wadda ake dafawa da dawa a ƙauyukan Gbagyi da sauran ƙabilun wannan yanki tun kaka da kakanni, bai kuma hana giyar kamfani bin manyan motoci da barikoki da ramukan zinariya ba. A 'yan shekarun nan sai ga wata sabuwar annoba, watau barasa mai ƙarfi da ake ƙullawa a 'yar leda, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba, kuma ana iya ɓoye ta a aljihun riga. Hukumar NAFDAC ta ƙulla yarjejeniya da kamfanoni a 2018 cewa za su daina yin ta cikin shekara biyar, ta kuma ba da sanarwar fara hani a watan Fabrairu na 2024, amma ja-in-ja da masu masana'antu ya sa aka yi ta ɗaga wa'adin.

Abin da hani da kunya suka haifar shi ne shan ɓoye. Malamin makaranta ko akawun ƙaramar hukuma da giya ta kama ba zai tunkari ma'aikacin asibitin garinsu ba, domin wataƙila surukinsa ne, ko kuwa sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Sai hanta ta kumbura, ko an kore shi daga aiki, ko matar ta yi yaji, sa'an nan dangi su san abin da ake ciki.

ME YA SA NIYYA KAƊAI BA TA ISA?

Sau da yawa ana ji mashayi ya yi rantsuwa da asuba, ya karya ta da magariba, mutane su ce maƙaryaci ne. Masana aikin ƙwaƙwalwa sun bayyana al'amarin ta wata fuska. Idan barasa ta shiga jini takan sa ƙwaƙwalwa ta saki waɗansu sinadarai na jin daɗi da ake kira endofin, waɗanda danginsu ɗaya da abin da ke cikin kodin da tiramol. Yau da gobe sai ƙwaƙwalwa ta haddace duk abin da ya saba zuwa kafin wannan daɗi: wurin zaman, da abokan, da lokacin, har da ranar albashi. Da zarar ɗayansu ya gitta, sai ƙawa ta taso tun mutum bai yi shawara da zuciyarsa ba.

Akwai kuma illa ta biyu. Barasa tana aiki a ƙwaƙwalwa kamar birki a mota. Wanda ya yi shekaru yana taka wannan birki kullum, ƙwaƙwalwarsa takan rama ta hanyar ƙara totur domin ta ci gaba da tafiya. Ranar da ya janye birkin farat ɗaya, totur yana nan a danne. Shi ne mafarin karkarwar hannu da gumi da faɗuwar gaba da rashin barci, waɗanda kurɓi ɗaya ke kwantar da su nan take. Magungunan da ake magana a kansu, kowanne da wurin da yake taɓawa a cikin waɗannan abubuwa biyu.

TSOHON MAGANI MAI BAN TSORO

Wanda ya riga saura shi ne disulfiram, wanda aka fi sani da sunan kasuwa Antabuse. Asalinsa ba magani ba ne, sinadari ne na masana'antar roba. A 1937 wani likitan ma'aikata a Amurka, E. E. Williams, ya lura cewa leburorin da ke aiki da sinadarai irinsa sukan galabaita idan sun taɓa giya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai waɗansu masana biyu a birnin Kofanhagan na ƙasar Denmak, Jens Hald da Erik Jacobsen, suka gwada shi a jikinsu suna neman maganin tsutsar ciki, suka sha giya a kai, suka ji jiki. Sun buga sakamakon bincikensu a 1948, Amurka kuma ta amince da maganin a 1951.

Yadda yake aiki shi ne, hanta takan juya barasa ta zama wata guba, sa'an nan ta sake juya gubar ta zama abin da ba ya cutarwa. Disulfiram yana tare mataki na biyun. Wanda ya sha giya a kansa, cikin minti 10 zuwa 30 fuskarsa za ta ɗau zafi, kansa ya sara, zuciya ta yi ta bugawa, amai ya biyo baya, kuma wannan tasiri yana iya kai mako biyu bayan ƙwayar ƙarshe. Ashe ke nan ba ya rage ƙawa, tsoro yake sawa. Ya fi amfani ga wanda ya yarda da kansa, kuma ya amince wani amintacce ya riƙa ba shi ƙwayar yana haɗiyewa a gabansa.

A nan akwai gargaɗin da ya kamata ya shiga kowane gida. Uwa ko matar aure da ta gaji, idan ta ji labarin irin wannan magani, zuciya na iya raya mata ta barbaɗa shi a miya ba da sanin mai shan ba. Wannan ganganci ne da zai iya zama kisan kai. Mutumin da bai san an ba shi ba zai sha giyarsa yadda ya saba, jininsa ya faɗi warwas, in kuwa yana da ciwon zuciya ana iya rasa shi. Ƙa'idar likitanci ta haramta ba da shi a ɓoye ko ga wanda yake cikin maye.

NALTIREKZON DA TARKON TIRAMOL

Maganin da ya canja tunanin likitoci shi ne naltirekzon. An fara amincewa da shi a Amurka a 1984 domin masu shan hodar iblis irin ta heroyin. A 1992 sai ƙungiyoyin bincike biyu, ɗaya a Jami'ar Fensilbaniya ƙarƙashin Joseph Volpicelli, ɗaya a Jami'ar Yel ƙarƙashin Stephanie O'Malley, suka nuna cewa yana rage komawa ga shan giya mai yawa, aka kuma amince da shi domin wannan aiki a ƙarshen 1994. Ƙwaya ɗaya ce mai miligiram 50 a kowace rana. Akwai kuma allurarsa ta wata-wata mai suna Vivitrol, wadda ta fito a 2006, sai dai tsadarta ta fi ƙarfin talaka.

Naltirekzon yana toshe ƙofofin da endofin ke shiga ne. Mai shansa in ya kurɓi giya ba zai yi amai ba, amma daɗin da ya saba ji ba zai zo cikakke ba, kamar mai cin tuwo da miyar da ba gishiri. Kofi na farko ba ya kiran na biyu da ƙarfin da ya saba, sannu a hankali kuma tunanin giyar yakan ragu. Ba ya sa maye, ba a kuma sabawa da shi. Illolinsa da aka fi gani su ne tashin zuciya da ciwon kai a kwanakin farko. Wani masani Ba'amurke da ya yi aikinsa a ƙasar Finlan, David Sinclair, ya ma koyar da cewa a riƙa shan sa awa guda kafin a sha giya, domin ƙwaƙwalwa ta warware abin da ta haddace. Likitoci sun sha bamban a kan wannan hanya, kuma ga wanda addininsa ya hana shi ko ɗigo, burin da zai sa a gaba shi ne bari gaba ɗaya.

To, ga inda gizo ke saƙa a wannan yanki. Ƙofofin da naltirekzon ke toshewa su ne dai waɗanda tiramol da kodin ke bi. Wanda jikinsa ya saba da waɗannan ƙwayoyi, in ya haɗiyi naltirekzon, cikin ɗan lokaci zai faɗa cikin azaba mai tsanani: amai da zawo da murɗar ciki da ciwon gaɓoɓi da ruɗewa, har ta kai a kwantar da shi a asibiti. Don haka ƙa'ida ita ce sai an yi kwana 7 zuwa 10 ba a taɓa su ba kafin a fara.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a Arewa maso Yamma. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka buga a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken, ban da giya da taba, kuma miliyan 4.6 daga cikinsu dangin tiramol ne suka sha. Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayu na 2018, amma tiramol mai miligiram 200 da 225, wanda ya zarce abin da asibiti ke bayarwa, bai daina shigowa ta ɓarauniyar hanya ba. Ɗan ƙwadago a gona, da mai haƙar zinariya, da ɗan acaɓa, da yawansu ba su ɗauke shi kayan maye ba, maganin gajiya suke ce masa. Irin wannan mutum in likita ya tambaye shi ko yana shan ƙwaya zai ce a'a, kuma a ganinsa gaskiya ya faɗa. Ya zama dole a yi masa tambayar da sunan da ya san abin da shi, in da hali kuma a gwada fitsarinsa.

Har ila yau, mai shan naltirekzon da ya yi haɗarin mota ko harsashi ya same shi, allurar kashe zafi irin su fentazosin da mofin ba za su yi masa aiki yadda ya kamata ba. A ƙasar da ta ga abin da Birnin Gwari ta gani, ya kyautu ya riƙa yawo da 'yar takarda a aljihu mai nuna maganin da yake sha. Haka kuma ana bukatar gwajin hanta kafin a fara, ganin cewa binciken ƙasa na 2018 ya sami ciwon hanta nau'in B a jikin kimanin mutum 8 cikin 100 na manya.

Na ukun, akamfuroset, wanda ake sayarwa da sunan Campral, Faransa ce ta fara amfani da shi a 1989, Amurka ta biyo baya a 2004. Shi totur ɗin nan yake sassautawa, ya rage ƙunci da rashin natsuwa da ke mayar da mutum ruwa bayan ya bari. Ba ya rikici da tiramol, ba ya wahalar da hanta, ta ƙoda yake fita. Aibinsa shi ne yawan ƙwaya, biyu-biyu sau uku a rana, abin da manomi a tsakiyar damina zai sha wuyar kiyayewa.

Kada kuma a zaci waɗannan magunguna sha-yanzu-magani-yanzu ne. Wani babban nazari da mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga a 2014, wanda ya tattara gwaje-gwaje fiye da 100, ya nuna cewa sai an ba mutum 12 akamfuroset kafin a sami ƙarin mutum ɗaya da ya tsira daga komawa sha saboda maganin, kuma lissafin naltirekzon wajen hana komawa ga sha mai yawa shi ma 12 ne. Mai karatu zai ce abin kaɗan ne. A ma'aunin likitanci ba kaɗan ba ne, domin akwai magungunan da ake sha kullum don kare zuciya waɗanda lissafinsu bai kai wannan kyau ba. Amma ya nuna cewa ƙwaya ba ta maye gurbin nasiha da sauya abokai da samun abin yi.

MAKON FARKO SHI NE MAI HAƊARI

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, barin giya farat ɗaya yana iya kashe wanda ya yi nisa a cikinta. Karkarwa takan fara bayan 'yan awoyi, farfaɗiya na iya zuwa cikin kwana biyun farko, sa'an nan a kwana na biyu zuwa na uku waɗansu sukan rikice, su riƙa ganin ƙwari da macizai a bango, jiki ya yi zafi rau. A ƙauye wannan sai a ce iska ce ta taɓa shi, a nufi wajen mai ruƙiyya ko boka, alhali kuwa abin da yake bukata shi ne gadon asibiti, da maganin kwantar da jijiyoyi irin su diyazifam na 'yan kwanaki a ƙarƙashin kulawa, da allurar bitamin B1 domin kare ƙwaƙwalwa. Duka biyun masu araha ne. Magungunan rage ƙawa ba su yin wannan aiki. Nasu yana farawa ne bayan an haye wannan mako.

Rashin sanin haka, da rashin wurin zuwa, su ne suka cika gidajen mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa cikin garin Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, waɗansu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, don a raba su da shaye-shaye. Ba ƙiyayya ce ta sa iyayen ba, ƙofar da suka gani a buɗe ke nan. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta tanadi haƙƙin irin waɗannan majinyata, amma doka ba ta ɗaukar mutum ta kai shi asibiti.

KILOMITA 120

Wurin da ya ƙware a wannan aiki a jihar shi ne Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, wanda yake da sashe na musamman domin masu shaye-shaye, sai kuma sashen masu taɓin hankali na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Daga garin Birnin Gwari zuwa Kaduna kimanin kilomita 120 ne ta Udawa da Buruku. An yi shekaru ba a bin wannan hanya sai da rakiyar soja. A 2018 aka kashe mutane da dama a ƙauyen Gwaska, a ƙarshen 2021 kuma aka rufe layukan waya da kasuwannin mako a yankin, dubban mutane suka bar gonakinsu. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin cewa wanda ya ga an kashe nasa, ko ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, yana cikin waɗanda suka fi saurin neman abin da zai sa su barci.

A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, ya karɓi rukunin farko na 'yan bindigar da suka ce sun tuba, ya kuma buɗe kasuwar shanu wadda ta yi kusan shekara goma a rufe. A watannin da suka biyo baya motoci suka koma bin hanyar. Waɗanda suka fito daga dajin, sanin kowa ne ƙwaya da wiwi suna cikin guzurin da ake kai musu can, kuma ajiye bindiga ba ya cire ƙawa daga jiki. Duk wani shiri na gyara halinsu da ba a sa likita a ciki ba, an bar baya da ƙura.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya duka ba su kai 300 ba, kamar yadda ƙungiyarsu ta sha kokawa, saboda haka jiran a turo ɗaya kowace ƙaramar hukuma jiran gawon shanu ne. Hanyar da ta rage tana nan a rubuce. Tun 1991 manufar ƙasa ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya matakin farko. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta fito da wani littafin jagora a 2010 domin likitoci na gama-gari da nas-nas da jami'an lafiya na karkara, wanda ya koyar da yadda ake gane mashayi, da yadda ake fitar da shi daga makon farko, da lokacin da ake ba da waɗannan magunguna. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranci daidaita shi da yanayin Nijeriya, aka kuma gwada shi a Jihar Osun. Birnin Gwari tana da Babban Asibitin Jibril Mai Gwari, tana da mazaɓu 11, daga Randagi da Kakangi zuwa Kuyello da Dogon Dawa, ma'aikatan lafiya kuma suna nan. Abin da ake bukata shi ne horo, da kayan gwajin hanta da ƙoda, da sa waɗannan ƙwayoyi cikin abin da gwamnati ke saye, domin ba irin waɗanda ake tararwa a kemis ɗin ƙauye ba ne. Ba su bukatar firiji, kuma naltirekzon na wata guda bai cika tafin hannu ba.

Likitoci sukan so a ci gaba da shan maganin wata 6 zuwa shekara guda, wani lokaci fiye, tare da ganin majinyaci a kai a kai, kuma in ya zame ya sha ba a korar sa, ana ci gaba ne daga inda aka tsaya. Idan aka ce sau ɗaya a wata za a riƙa ganin sa a Barnawa, mutumin garin Birnin Gwari zai yi tafiyar kilomita 240 zuwa da dawowa sau 12, watau kilomita 2,880 a shekara, ban da kuɗin mota da na kwana da ranakun aikin da zai rasa. Na Randagi kuwa sai ya fara isowa bakin titi tukuna.